Motar Haɗin Gida: Nazari Kan Ikon Da Motar Yanka Ke Da Shi

A Birtaniya mutum yana iya sayen tsohuwar mota wadda tsatsa ta gama da ita, ya shigar da ita garejin gidansa, ya kwance ta noti bayan noti. Ya ajiye inji da giya da aksul da birki da sitiyari, ya kira 'yan gwangwan su ɗauke bodin. Daga nan sai ya ɗora kayan da ya ajiye a kan sabon casis, wanda ko dai ya saya daga wani ƙaramin kamfani tare da sauran tarkacen haɗi, ko kuwa ya yanka ƙarfe ya yi waldarsa da hannunsa. Bayan shekara ɗaya, ko uku, ko goma, ya kai abin da ya haɗa gaban hukuma. In ta gamsu, a ba shi lamba ya hau titi kamar kowa. Wannan ita ce motar haɗin gida. Tsohuwar da aka farke don a samu kayan kuwa, motar yanka za mu kira ta.

Masu wannan sha'awa kan yi alfahari da cewa motarsu tasu ce tun daga tushe, babu kamfanin da ya tsara musu. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai yadda suke faɗa ba. Wanda ya bi tarihin abin a tsanake zai ga motar yanka ce ke da ta cewa a kusan komai: ita ke yanke faɗin motar da tsawonta, ita ke yanke kuɗin da za a kashe, har sunan da hukuma za ta rubuta a takarda daga wurinta yake fitowa. Duk lokacin da manyan kamfanoni suka sauya yadda suke ƙera motar talaka, bayan shekara goma ko sha biyar sai an ga sauyin ya iso garejin mai haɗi, ko yana so ko ba ya so.

Austin 7, haraji da gishiri

Tushen abin yana wurin wata 'yar ƙaramar mota mai suna Austin 7, wadda aka ƙera daga 1922 zuwa 1939. Injinta bai kai lita ɗaya ba, bodinta kuma ɗaure yake da noti a kan casis, ana iya ɗage shi a ajiye gefe. A 1939 masu ƙaunarta suka kafa ƙungiyar 750 Motor Club, wadda har yau take shirya tseren masu ƙaramin ƙarfi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sabuwar mota ta yi wuya a Ingila, don gwamnati ta matsa wa kamfanoni su riƙa fitar da yawancin abin da suka ƙera waje a samu kuɗin shiga. Tsofaffin Austin 7 kuwa ga su birjik, da araha. Samari masu ɗan ilimin kanikanci suka dinga cire musu bodi suna ƙera marar nauyi. Ɗaya daga cikinsu shi ne Colin Chapman, ɗalibin injiniya, wanda a 1948 ya haɗa motarsa ta farko a wani gareji a arewacin Landan daga tsohuwar Austin 7. Kamfanin Lotus daga nan ya samo asali.

Abu na biyu shi ne haraji. Tun 1940 Birtaniya ta ɗora harajin saye a kan kayayyaki, kuma a shekarun 1950 wanda ke kan sabuwar mota yakan kai rabin kuɗin sarinta, wani lokacin ya wuce. Amma harajin bai hau kan kayan gyara ba. Saboda haka in aka sayar maka da mota a warwatse ka haɗa da kanka, ka tsira da ɗaruruwan fam. Motar Lotus Seven, wadda ta fito a 1957, a haka aka fi sayenta. Dokar ta hana mai sayarwa ya haɗa da takardar koyar da haɗi, kuma labarin da ya shahara shi ne Lotus ta riƙa ba masu saye takardar yadda ake kwance motar, su kuma su karanta ta daga ƙasa zuwa sama. A watan Afrilun 1973 aka soke harajin saye aka kawo VAT, wanda bai bambanta haɗaɗɗiyar mota da warwatsattsiya ba. A shekarar ce Lotus ta sayar wa kamfanin Caterham haƙƙin ƙera Seven ta koma ga motoci masu tsada.

Da haraji kaɗai ke riƙe da abin, da a nan ya mutu. Abin da ya raya shi shi ne gishiri. A lokacin hunturu ana watsa gishiri a titunan Birtaniya don ya narkar da ƙanƙara, ga danshi da ba ya ƙarewa, sai ƙarfen ƙasan mota ya ruɓe tun inji bai ji jiki ba. Tun 1960 kuma akwai gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, MOT, wanda da farko ya shafi motocin da suka shekara goma, daga 1967 ya sauko kan waɗanda suka shekara uku. Motar da ta faɗi gwajin saboda ruɓewar ƙasa, gyaranta ya fi kuɗinta, don aikin hannu yana da tsada a can. Sai ta zama ba ta da wata daraja a kasuwa alhali inji da giya da aksul lafiyarsu lau. Wannan gibi tsakanin mataccen bodi da rayayyen inji shi ne jarin da aka gina sana'ar a kansa baki ɗaya.

Wanda ya san Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano zai lura cewa a wurinmu lissafin a juye yake. Ƙasarmu busasshiya ce, bodi yakan binne inji biyu ko uku. Mu bodi muke riƙewa mu nemo injin Beljiyam mu jefa, kuma tsohuwar mota ba ta taɓa faɗuwa ta zama ta banza, don kullum akwai mai neman ta. Gwanintar haɗa kayan wannan mota da na waccan akwai ta a hannun makanikanmu, wataƙila fiye da ta mai gareji a Ingila. Abin da babu shi ne rarar motocin yanka masu lafiyayyen ciki, shi ya sa gwanintar ta tafi ga raya tsohuwa.

Yadda ƙirar motar yanka ta riƙa juya akalar aikin

Zubin farko shi ne mafi sauƙi: a bar casis da duk abin da ke ɗaure da shi, a sauya bodi kawai. Haka aka yi da Austin 7, haka aka yi da ƙananan Ford na shekarun 1950 lokacin da faiba ta shigo, ƙananan kamfanoni irin su Rochdale da Ashley suka dinga zuba bodi a cikin ma'auni suna sayarwa. Triumph Herald, wadda ta fito a 1959 da casis dabam a lokacin da sauran kamfanoni ke barin wannan tsari, ta zama abin nema daga baya saboda wannan dalili. Amma sarauniyar wannan zubi ita ce Volkswagen Beetle, wato ƙwaro. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, babu lagireto balle bututun ruwa. In an kwance notin da ke riƙe da bodi, abin da ya rage faranti ne mai tayoyi huɗu da inji da giya, har tuƙa shi ana iya yi. A 1964 Bruce Meyers, mai ƙera kwale-kwalen faiba a Kalifoniya, ya fito da motar yawon rairayi mai suna Manx. Waɗanda suka biyo bayan rukunin farko a kan farantin Beetle aka ɗora su, bayan an yanke kimanin santimita 36 daga tsakiyarsa an sake waldawa. Masu kwaikwayo suka yi masa rubdugu, kotu ba ta kare masa ƙirarsa ba, kamfanin ya rufe a 1971.

Sai dai manyan kamfanoni sun bar casis. Suka koma ƙera bodin da shi ne ƙashin motar, faranti a kan faranti an walda su sun zama akwati ɗaya. Irin wannan ba a ɗage masa bodi, don in ka ɗage babu abin da ya rage. Dole mai haɗi ya koma zubi na biyu: sabon casis na bututun ƙarfe, sannan a ciro kayan ciki ɗaya bayan ɗaya a dasa. Wannan zubi yana son mota mai inji a gaba, a miƙe, da farfela mai kai juyi ga tayoyin baya, domin irin wannan kowane sashe nasa dabam yake, ana iya matsar da inji baya a rage tsawon farfela. Ford ce ta ciyar da wannan zamani: Cortina, da Escort ta farko da ta biyu, sannan Sierra, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1993. A kansu kamfanoni irin su Dutton da Westfield suka tashi. Ita kanta Caterham, kafin ta kai ga sayen komai sabo, aksul ɗin Morris Marina da Ital ta yi ta amfani da shi, daga baya ta ɗauki akwatin aksul na Sierra.

A 1996 kamfanin Haynes ya buga littafin Ron Champion, malamin koyar da kanikanci a makarantar Oundle, wanda takensa ya yi alkawarin mota a kan fam 250. Ya ba da ma'aunin kowane yanki na casis, da bututu mai kusurwa huɗu na inci ɗaya, da Escort ta biyu a matsayin motar yanka. Motar da aka riƙa haɗawa daga littafin, Locost, ta bazu har Amurka da Ostareliya da Suwidin, kuma 750 Motor Club ta buɗe mata nata tseren. To amma Escort ɗin da littafin ya dogara da ita an daina ƙera ta tun 1980, lokacin da Ford ta mayar da sunan kan mota mai jan gaba. Kafin a ankara ta yi wuya, masu tara motocin tarihi da masu tseren daji suka ɗaga kuɗinta har ya zama hauka ne mutum ya yanka ta. A 2007 Haynes ta fitar da wani littafin, na Chris Gibbs, wanda ya sake zana motar a kan kayan Sierra. Motar ta ƙara faɗi, ƙafafun bayanta suka zama masu cin gashin kansu. Ba wani ya zauna ya ga haka ya fi kyau ba, ma'aunin Sierra ne ya tilasta. Yau ita ma Sierra ta bi sahun Escort.

Zubi na uku yana cin moriyar wata dabara ta kamfanoni: ɗaure inji da ƙafafu a kan ƙananan firam guda biyu, gaba da baya, waɗanda ake ɗaura wa bodi da 'yan notina. Mini ta 1959 haka take, kuma daga firam ɗinta aka haɗa Mini Marcos, wadda a tseren awa 24 na Le Mans na 1966 ta zo ta 15, ita kaɗai ce motar Birtaniya da ta kai ƙarshe. A wannan zamani Mazda MX-5 ce ta gaji matsayin. Ta fito a 1989, an ƙera fiye da miliyan ɗaya, tana jan baya, tana kuma ruɓewa a gefen ƙasa kamar yadda ake so. Wani dogon ƙarfe ya haɗa giyarta da akwatin aksul, saboda haka in an ɗage bodi, gaba da baya suna nan a haɗe a kan tayoyinsu. Motar Exocet, wadda kamfanin MEV ya fitar a 2010, kejin bututu ce kawai da ake saukewa a kan wannan ƙwarangwal. A Amurka kuwa kamfanin Factory Five, wanda aka kafa a 1995 a jihar Massachusetts, ya gina kasuwarsa a kan Ford Mustang ta 1987 zuwa 1993, yana sayar da kwaikwayon motar Cobra.

Inda aikin injiniya yake

Tela da aka ba tsohuwar babbar riga aka ce ya fitar wa yaro kaftani, faɗin ƙyallen da inda aikin wuya ya zauna su za su faɗa masa inda almakashi zai bi. Haka mai haɗi yake da kayan Sierra. Kowane ɗayansu an auna shi ne don mota mai nauyin sama da tan ɗaya, mai ɗaukar mutum biyar da kaya, ga shi yanzu za a sa shi a motar da ba ta wuce kilo 600 ba. Ribar a fili take. Injin Sierra da ake kira Pinto, mai lita biyu, yana ba da ƙarfin doki ɗari da 'yan kai. A Sierra wannan ƙarfin mota ce ta kai yara makaranta, a motar da ta yi rabin nauyinta kuwa ya isa ya tsorata direba. Matsalolin su ne ba a gani sai an fara ɗaurawa.

A ɗauki birki. Idan direba ya taka, nauyin mota yakan zubo gaba, shi ya sa ake ba tayoyin gaba kaso mafi yawa na ƙarfin kamu. Yawan abin da ke zubowa ya danganta da tsayin motar da inda nauyinta ya taru. Sierra doguwa ce, inji a kan tayoyin gaba. Motar haɗi irin Seven a ƙasa take, an tura inji baya, direba kuma kusan a kan aksul ɗin baya yake zaune. Rabon da Ford ta auna bai dace da ita ba. In tayoyin gaba suka riga kullewa, motar za ta zarce ta miƙe, abin da direba zai iya gyarawa ta hanyar sassauta ƙafa. In na baya suka riga, gindin motar ne zai zagayo gaba, kuma a gajeriyar mota marar nauyi wannan yakan faru kafin hannu ya kai ga gyara. Saboda haka sai an sake lissafin girman mastan birki da na silindar tayoyin baya, ko a sa bawul mai rage matsi.

Sitiyari ya fi wannan wayo. Ƙafar gaban Sierra an yi ta ne don dogon shokazoba mai tsayawa a tsaye ya shiga wani rami a samanta. Motar haɗi ba ta da tsayin da zai ɗauki wannan, hannuwa biyu take amfani da su, sama da ƙasa. Sai a tura wani guntun ƙarfe a toshe ramin, a huda shi, a ɗaura mahaɗin hannun sama a ciki. Yana aiki, amma kusurwar da taya ke juyawa a kai ba wadda aka zana ba ce, kuma sau da yawa sitiyarin ba ya son komawa tsakiya da kansa bayan an sha kwana. Ga kuma sandar sitiyari mai haƙora. Mahaɗanta na ciki dole su yi layi da inda hannuwan ƙafa ke lanƙwasa. In sandar ta fi faɗi, ko an ɗaura ta sama ko ƙasa da 'yan milimita, duk lokacin da taya ta hau tudu ko ta faɗa rami sai ta ɗan karkata da kanta, motar ta riƙa yawo a titi direba bai juya komai ba. Mai haɗin da ya san abin da yake yi yakan cire sifirin, ya ɗaga ƙafar da jak a hankali daga ƙasa zuwa sama, yana auna karkatar tayar a kowane mataki, yana cusa siraran wasa a ƙarƙashin sandar har karkatar ta kusa ɓacewa. Aikin yini guda ne ko biyu, babu wanda zai gan shi a hoto, amma shi ke raba motar da ake jin daɗin tuƙawa da wadda ake ajiyewa bayan wata uku.

Shi ma injin yana da nasa rigimar. Pinto dogo ne, na baƙin ƙarfe, mai nauyi. In aka ɗaga shi ya tokare bonet, in aka sauke shi kaskon mai ya kusa taɓa ƙasa. Mafita ita ce a yanke kaskon a rage zurfinsa, a faɗaɗa shi ta gefe don man da yake ɗauka kada ya ragu, a gajarta bututun da ke zuƙo man, a kuma walda 'yan shingaye a ciki. In ba a yi shingayen ba, a doguwar kwana man zai kwashe gefe guda, famfo ya zuƙi iska, metal ya ƙone. Farfela kuma sai an kai wa masu yi su yanke su daidaita nauyinta, don tana juyawa ne a cikin wani siririn rami dab da cinyar direba. Wasu sukan gudu daga nauyin injin mota su ɗauko na babban babur, irin Honda Fireblade ko Suzuki Hayabusa. Sun sami sauƙin nauyi da gudu, sun kuma gaji giyar da ba ta da ribas.

A ganina, a nan ne ya kamata a auna mai haɗi. Ɗaure sabon abu a kan sabon abu bisa takardar kamfani haƙuri kawai yake buƙata. Sulhunta kayan da injiniyoyi dabam-dabam suka auna don motoci dabam-dabam, wannan sai da fahimtar dalilin da ya sa aka yi kowannensu yadda yake.

Wace ce wannan mota a idon hukuma?

Har zuwa ƙarshen shekarun 1990 kusan babu mai duba ƙirar motar haɗi a Birtaniya in ban da gwajin MOT. An sami masu kyau, an kuma sami waɗanda bai kamata su hau titi ba. A 1998 aka wajabta gwajin SVA, a 2009 aka maye gurbinsa da IVA. Mai dubawa yakan ɗauki sa'o'i a kan mota ɗaya. Yana da wata ƙwallo mai faɗin milimita 100 da yake gogawa a jikin motar, duk bakin ƙarfen da ta taɓa dole ya kasance a dakushe, lanƙwasarsa ba ta gaza milimita 2.5 ba, saboda mai tafiya a ƙasa da za a iya bugewa. Shi ya sa za ka ga motar da za ta je gwaji an bi kan kowane noti na ƙafar gaba an sa masa hular roba. Ana ɗora ta a kan na'ura a tabbatar birkin baya ba ya riga na gaba kullewa. Ana auna ƙarar salansa kada ta wuce desibel 99. Agogon gudu an yarda ya ɗan ƙara, ba a yarda ya rage ba. Ana duba inda bel ya kama, da tsayin fitilu, da ko sitiyari yana komawa tsakiya. Hayaƙi kuwa gwargwadon shekarun injin ake auna shi, abin da ya sa tsohon inji mai kafireto ya daɗe yana da farin jini, kuma ya sa takardar shaidar shekarar inji ta zama abin adanawa.

Gwajin ya tsabtace kasuwar, ya kori masu aikin ganganci da dama. Amma ya kamata a san iyakarsa. Ba a buga motar da bango a ga yadda za ta murƙushe, kuma ido kawai ake sa wa walda. Yawancin waɗannan motoci ba su da jakar iska, ba su da na'urar hana taya kullewa, gwiwar hannun direba kuma a waje take. Takardar IVA shaida ce cewa an bi ƙa'idar ƙira. Ba ta ce motar za ta kare mai ita kamar motar kamfani ba.

Bayan gwaji sai rajista a hukumar DVLA, inda ikon motar yanka ya fi fitowa fili. Motar da aka haɗa da sababbin kaya zalla tana samun lambar shekarar da ake ciki, har an yi rangwamen babban sashe guda da aka sabunta ya koma kamar sabo. Wadda aka ɗora a sabon casis da aƙalla manyan sassa biyu daga motar yanka guda, tana samun lamba mai nuna shekarun motar yankan, muddin akwai takardunta. Wadda kuwa aka tsinto kayanta nan da can, ba a san asalinsu ba, sai a ba ta lamba mai farawa da harafin Q, tsarin da aka shigo da shi a 1983. Lambar Q ba ta hana hawa titi, amma ba a sauya ta, kuma takan rage wa mota daraja wurin sayarwa. A da kuma hukumar ta daɗe tana amfani da wani lissafin maki ga motocin da aka yi wa babban sauyi: casis na asali maki 5, ƙafafu 2, aksul 2, giya 2, sitiyari 2, inji 1, kuma sai an tara 8, ciki har da biyar ɗin casis, kafin mota ta riƙe tsohuwar lambarta. Abin lura a nan shi ne injin da mai haɗi ya fi ji da shi maki ɗaya tak ya samu. Wannan ne ya sa gogaggu ke cewa a sayi motar yanka sukutum da takardarta, kada a sayi kaya a warwatse ko da sun fi araha.

Maganar araha ma tana son gyara. Fam 250 na littafin Champion lissafin wanda ke da injin walda ne da kayan aiki da sanayya a wurin 'yan gwangwan. Inji da giya ba su ne ke cin kuɗi ba. Ƙananan abubuwa ne: bututun birki, shokazoba, kujeru, bel, fitilu, tayoyi, kuɗin gwaji, da kuɗin sake gwaji. Kusan kowa dubban fam yake kashewa, kuma da wuya ya mayar da su in ya sayar, balle a yi maganar ɗaruruwan sa'o'in da ya zuba. Araha ba ta ado. Shafukan talla a can ba sa rabuwa da motocin da aka fara aka kasa gamawa, yawanci an tsaya ne a wurin wayarin, inda aikin ke daina nuna ci gaba a ido.

Ƙwaƙwalwar mota da ƙarancin abin yanka

Abubuwa uku ne suka taru suka matse mai haɗi. Na farko, motar talaka ta koma jan gaba. Lokacin da Mondeo ta gaji Sierra a 1993, Ford ta rufe babin matsakaiciyar mota mai jan baya a Turai. Injin da ke kwance a gicciye, manne da giya da aksul a dunƙule guda, ba ya shiga siririn hancin Seven sai an raba shi da giyarsa an nemo masa wata mai jan baya. Shi ya sa tsohuwar giyar Sierra mai hawa biyar ta zama abin nema. Na biyu, tsofaffin motoci sun daina daɗewa a yadin 'yan gwangwan. Dokar Tarayyar Turai ta 2000 kan motocin da suka gama aiki ta tsaurara yadda ake farke su, sannan shirin gwamnatin Birtaniya na 2009 zuwa 2010, wanda ya ba da rangwamen fam 2,000 ga wanda ya miƙa motar da ta haura shekara goma ya sayi sabuwa, ya aika da kusan mota 400,000 wurin niƙa.

Na uku shi ne mafi tsanani. Injin Pinto in ka ba shi fetur da wuta zai tashi ko a kan benci. Injin zamani yana da kwamfutarsa, wadda makanikanmu ke kira birenbos, kuma tun 1998 aka wajabta wa sababbin motoci a can na'urar hana sata. Kwamfutar ba za ta bar inji ya tashi ba sai ta gaisa da makulli, sau da yawa kuma sai ta ji muryar agogon dashbod da na'urar birki da akwatin wutar bodi, duk ta kan wayoyi biyu da suke zance a kai. Mai haɗi yana da zaɓi biyu. Ko ya kwaso dukan waɗannan akwatuna ya ɓoye su a motar da ba ta da wurin ajiye jaka, don kawai injin ya ɗauka har yanzu yana gidansu, ko ya jefar da su ya sayi kwamfutar kasuwa, ya kai motar a tsara mata rabon mai da wuta daga farko, sannan ya yi fatan hayaƙin zai wuce gwaji.

Kamfanonin da suka rage sun amsa ta hanyar rage dogaro da motar yanka. Factory Five yana sayar da cikakken kunshi na sababbin kaya. Caterham, wadda kamfanin VT Holdings na Japan ya saya a 2021, komai nata sabo ne, kuma ƙaramarta mai lamba 170 injin Suzuki mai cc 660 ke jan ta, nauyinta kilo 440. Wannan ya sauƙaƙa haɗi, ya kuma ɗaga kuɗin shiga, har abin da ya faro a hannun ɗalibai da leburorin masana'anta ya fi zama na masu rufin asiri da suka yi ritaya. Westfield, wadda ta shekara arba'in tana wannan kasuwa, ta durƙushe a 2022 kafin wasu su sayi sunan.

Motocin yanka na gaba masu lantarki ne, kuma tuni wasu suka fara ciro mota da batir daga Nissan Leaf da Tesla da suka yi haɗari. Injin lantarki ƙarami ne, ba ya son giya mai hawa-hawa, ba shi da kaskon mai da za a yanke. Amma batirin Leaf ta farko, wadda ta fito a 2010, ya kusa kilo 300, fiye da rabin nauyin Seven gaba ɗayanta, kuma an zuba shi ne a faffaɗan faranti don ya kwanta a ƙarƙashin mota mai kujera biyar. Wanda zai sa shi a casis na bututun inci ɗaya sai ya farke shi ya sake jera ƙwayoyinsa a gaba da baya, ya sake lissafin birki da sifirin saboda sabon nauyin, yana aiki da wutar da ta haura bolt 350 a garejin da a da babban haɗarinsa shi ne jak ya zame.